Ayurbeda da Kumburin Bakin Farji Mai Tafiya Yana Dawowa

Daga cikin cututtukan da mace kan ɗauka shekara da shekaru ba tare da ko mahaifiyarta ta ji labari ba, akwai wani kumburi da kan fito a gefe ɗaya na bakin farji, ya yi kwanaki ko makonni ya sace, sa'an nan bayan 'yan watanni ya komo wurin da ya bari, har mai shi ta fid da tsammanin rabuwa da shi. Da yake kuwa wurin al'aura ne, wanda kunya da tarbiyya suka hana a ambata a bainar jama'a, sai ya zamana wadda abin ya sama ta fi saurin karkata ga duk wanda ya yi mata alkawarin waraka daga nesa, ba tare da an buɗe ta an duba ba, balle a kai ga wuƙar likita. A ƙasar Indiya masu irin wannan alkawari sukan jingina shi ga Ayurbeda, watau tsohon ilmin ɗibbu na mutanen Hindu. Kuma tun da yake jama'armu sun daɗe suna ƙetarawa can neman lafiya, magungunan can kuma suna shigowa kantunanmu cikin kwalabe masu ɗaukar ido, alkawarin ya fara isowa kunnuwan matanmu. Nufina shi ne in auna shi da mizanin da masu shi ba za su iya ƙi ba, watau littattafan magabatan Ayurbeda su da kansu, domin a ganina magabatan nan sun fi masu talla da sunansu gaskiya da riƙon amana.

Sai mu fara da sanin abin da ke kumbura. Allah cikin hikimarsa ya halitta wa mace wasu 'yan matsattsafai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ɓoye cikin nama ta can ƙasan bakin farji, kowace girmanta kimanin rabin santimita, aikinsu kuwa tsattsafo da ɗan ruwa mai yauƙi wanda ke hana wurin bushewa, musamman lokacin saduwar aure. Likitoci suna kiransu da sunan Kasfar Bartolin, wani masanin fiɗa na ƙasar Danmak wanda ya siffanta su a shekarar 1677. Ruwan yana fitowa ne ta wata siririyar hanya mai tsawon kimanin santimita 2. Idan bakinta ya toshe, ko saboda kaurin ruwan, ko tabon haihuwa, ko wani ciwo da ya gabata, matsattsafar ba ta fasa aikinta ba, sai ruwa ya yi ta taruwa a baya har hanyar ta buɗa ta zama jaka. Wannan jaka ita ce ƙullutun da mace ke ji da hannunta. Muddin ruwan da ke ciki tsarkakakke ne, sau da yawa ba ya ciwo, sai dai nauyi da tokare. Amma idan ƙwayoyin cuta suka samu shiga, galibi irin waɗanda ke zaune cikin hanji ko bisa fata, wani lokaci kuma na ciwon sanyi, sai jakar ta rikiɗe ta zama maruru, ta yi ja, ta ɗauki zafi, ta cika da mugunya, har mace ta kasa zama sai a karkace, ta riƙa tafiya tana buɗa ƙafafu, barci kuwa ya ƙaurace wa idonta. An ƙiyasta kimanin mata 2 cikin 100 sukan gamu da shi a rayuwarsu, akasari tsakanin shekara 20 zuwa 30 da haihuwa. Wajibi ne kuma a faɗa tun yanzu cewa fitowarsa ba shaidar alfasha ba ce ko ƙazanta, gama budurwa mai kamun kai da matar aure mai tsafta duk yana samunsu.

Dalilin dawowarsa ba ɓoyayye ba ne. Misalinsa kamar magudanar gida ce da bakinta ya toshe da damina: ruwa ya taru har ya fasa gindin katanga ya zube, mai gida ya ga tsakar gida ta bushe ya yi murna, ya cike ɓarakar da laka, alhali bakin magudanar yana nan a toshe, sai ruwan sama na gaba ya mai da shi inda ya fito. Marurun nan yakan fashe da kansa bayan kwana uku ko huɗu, mugunya ta fita, zogi ya kwanta, fatar da ta fashe ta haɗe, jakar kuwa tana nan, matsattsafar tana nan tana aiki. Saboda haka duk wanda ya yi da'awar warkar da wannan cuta, tilas a tsare shi da tambaya guda: ta ina ruwan zai riƙa fita daga yau?

To, Ayurbeda ba abin rainawa ba ne, kuma wanda ya san tarihin ɗibbun Musulunci ba zai ɗauke shi baƙo ba. Ginshiƙansa littattafai ne uku: na Caraka, wanda ya fi ƙarfi wajen maganin sha da abinci, na Susuruta, wanda ake dangantawa da birnin Banaras, shi kuwa littafin fiɗa ne, da na Bagbata, wanda ya zo daga baya ya tattara su. Biyun farko an tsara su ƙarnoni kafin bayyanar Musulunci. A zamanin Halifa Haruna Rashid, waziran nan Baramika sun jawo likitocin Hindu zuwa Bagadaza, cikinsu har da wani da Larabawa ke kira Manka, aka juya littafin Susuruta da waɗansu. Ibnu Nadim ya lissafa su cikin Fihirisarsa, har ya ambaci littafin wata Bahindiya mai suna Rusa a kan jiyyar cututtukan mata. Aliyu bin Rabban Ɗabari kuma, cikin Firdausul Hikma wanda ya kammala wajen shekarar 850 Miladiyya, ya ware sashe guda ya taƙaita ɗibbun Hindu a ciki. Asasin ilmin shi ne cewa jiki yana tafiya bisa ɗabi'u uku, Bata mai kama da iska, Pitta mai zafi, da Kafa mai sanyi da danshi, lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuwa rinjayar ɗaya a kan sauran. Wanda ya karanta maganar safra'u da sauda'u da balgamu cikin littattafan malamanmu zai gane inda aka dosa. A yau ana karanta shi shekara biyar da rabi a jami'o'in Indiya, kuma tun 2014 yana ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati ta musamman.

Caraka da Susuruta kowannensu ya lissafa cututtukan farji guda 20, amma babu wadda ta dace da kumburin Bartolin sosai a cikinsu. Sai a littafin Madaba na alamomin cututtuka, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 7 ko na 8, aka samu wata cuta mai suna yonikanda, watau ƙullutu a farji mai fid da mugunya da jini, wanda ya danganta da barcin rana, da yawan fushi, da wahalar jiki, da yawan jima'i, da raunin farce ko haƙori, ya kuma kasa shi huɗu bisa ɗabi'ar da ta rinjaya. Likitocin Ayurbeda na yau suka ce ai wannan shi ne. Waɗansunsu kuma suka sa shi ƙarƙashin giranti, ƙullutu ke nan, idan bai yi ruwa ba, da bidiradi, maruru mai zurfi, idan ya yi. Ƙiyasi ne mai kyau ta wani gefe, amma a riƙe cewa Madaba abin da ido ke gani ya siffanta, siffar da ya bayar kuwa tana da faɗin da za ta ɗauki cututtuka da dama, har da waɗanda ba a wasa da su kamar ciwon daji.

Ga yadda jiyyar kan kasance a hannunsu. Ta ciki akan ba mace ƙwayar kancanara guggulu, wadda ake haɗawa da ɓawon itacen kancanara, ɗan'uwan kalgo, da ƙaron guggulu, ɗan'uwan dashi, haɗi ne da Sarangadara ya rubuta ƙarnoni da suka wuce domin ƙullutai da kumburin wuya. Akan ƙara da tirifala, garin 'ya'yan itace uku, ɗaya daga ciki shi ne halilaj na littattafan Larabawa. Ta waje kuwa akan dafa ɓawon itatuwa biyar, huɗu daga cikinsu dangin ɓaure da cediya da durumi, a tace ruwan, a bar shi ya huce har gwiwar hannu ta iya jurewa, a zuba a baho, mace ta zauna ciki kwata ɗaya na sa'a, safe da yamma. Sa'an nan a ɗora audugar da aka jiƙa da man magani, ko a shafa kwaɓin kurkur da ganyen darbejiya, ko a yi mata turaren tsugunno. Akwai masu ɗora matsattsaku a kan kumburin su tsotse jini. Babamisira, malamin ƙarni na 16, ya rubuta wa yonikanda garin jar ƙasa da ƙwallon mangwaro da kurkur a kwaɓa da zuma a cusa, bayan an wanke wurin da ruwan tirifala. Bayan wannan duka sai a hana ta abinci mai tsami da maiƙo, da barcin rana, da saduwa har ciwo ya lafa.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke da amfani cikin wannan tsari, kuma yana da yawa. Zama cikin ruwan ɗumi, wanda shi ne ƙashin bayan jiyyar, shi ne dai abin da likitan asibiti a Landan ko a Kano zai fara umurtar mace da shi, domin ɗumi yana sassauta nama, yana rage zogi, wani lokaci ya taimaki bakin hanyar ya buɗe da kansa, ko ya gaggauta nunar maruru ya fashe. Ɓawon itatuwan nan kuwa bauri gare su mai tsuke fata, irin baurin bagaruwa wadda ungozomominmu suka daɗe suna dafa wa mai jego. Ba na musun yana sanyaya wuri mai raɗaɗi, ko da yake na fi zaton ɗumin ruwan ne ke yin yawancin aikin. Akwai kuma abin da ba ya hawa sikeli: likitan Ayurbeda na kirki yakan zauna ya saurari mace, ya tambayi cinta da barcinta da damuwarta, abin da cunkoson asibiti ba ya bari. Ƙaramin ƙullutu wanda ba ya ciwo, a jikin mace 'yar ƙasa da shekara 40, likitocin zamani ma ƙyale shi suke yi. Saboda haka wadda ta zaɓi ta bi shi da ruwan ɗumi da haƙuri ba ta yi kuskure ba, ko ɓawon ɓaure ta dafa ko ruwa zalla.

Inda magana ta ɓaci shi ne inda aka ɗauki jiyyar farkon ciwo aka mai da ita alkawari na har abada, aka ce da mace ko ya yi ruwa, ko ya dawo sau biyar, kada ta yarda a taɓa ta da ƙarfe, wai Ayurbeda bai san yanka ba. Wannan ƙage ne aka yi wa Susuruta. Mutumin da ya lissafa ayyukan fiɗa iri 8, ya siffanta kayan aiki masu kaifi 20 da marasa kaifi 101, ya umurci almajiransa su koyi tsaga a jikin duma da kankana, su koyi ɗinki a kan ƙyalle da fata, ba shi za a jingina wa ƙin wuƙa ba. Ya ware babi sukutum a kan rarrabe ɗanyen kumburi da wanda ya nuna, ya kasa shi mataki uku, kuma duk wadda ta taɓa kwana da marurun Bartolin za ta shaida cewa mutumin nan da idonsa ya ga abin. A matakin farko kumburin yana da tauri, zafinsa kaɗan, launin fata bai sauya ba; a nan ne ya yi umurni da shafe-shafe da gashi da murzawa a hankali da rage abinci, ko Allah ya sa ya koma. A na biyu, sa'ad da yake cikin nuna, majiyyaci yakan ji kamar ana soka masa allurai, ko tururuwa na cizonsa, ko kunama ta harbe shi, ba ya samun sakewa a tsaye ko a zaune ko a kwance, ga zazzaɓi, ga ƙishirwa, ga ƙin abinci. A nan sai a ɗora abin da zai gaggauta nunar. A na uku zogin yakan ɗan lafa, fatar ta koɗe ta yamutse, idan an danna gefe guda a ji ruwa ya gudu ɗaya gefen. A nan hukuncinsa ɗaya ne, a tsaga a fid da mugunya. Ya kuma yi tir da likitoci biyu da kakkausan lafazi, wanda ya tsaga ɗanye, da wanda ya ga ya nuna ya ƙyale, ya sa su sahu guda; hujjarsa a kan na biyun kuwa ita ce mugunyar da ba ta samu mafita ba takan ci nama ta haƙa rami ta ciki, ta bar yoyo mai wuyar warkewa.

Mai yiwuwa wani ya ce ai Susuruta mafiɗi ne, dole ya yabi sana'arsa. To, a koma wa Caraka, shugaban masu maganin sha, wanda al'adarsa ce ya miƙa aikin wuƙa ga ma'abotansa. Da ya zo kan giranti, watau ƙullutun nan da likitocin yau suka sa kumburin Bartolin a ƙarƙashinsa, bayan ya ambaci gashi da murza, sai ya yi umurni a tsaga a cire shi tare da jakarsa, a ƙone gurbin, ya kuma yi gargaɗi cewa idan aka bar ko ɗan saura, sannu a hankali zai sake girma. Wannan shi ne ainihin bayanin cutar mai dawowa, an rubuta shi ƙarnoni masu yawa kafin a haifi Bartolin. Mai sayar da ƙwaya wanda ya ce kwalba uku za su narkar da jakar ya saɓa wa limaman mazhabarsa biyu a lokaci guda, kuma da a fagen fiƙihu ne, da tuni an nemi ya kawo nassin da ya dogara a kai.

Gaskiya ne akwai rangwamen da Susuruta ya yi, kuma daga nan ne, a zatona, maganar rashin yanka ta samo ɗan asalinta. Yara da tsofaffi da raunana da masu tsoro da mata, da kuma kumburin da ya fito a wuri mai hatsari, ya yarda a fasa musu da magani mai ci a maimakon wuƙa, watau a ɗora kwaɓi mai kaifi irin na tokar da aka tace aka dafe, wanda suke kira kishara, har ya huda fatar. Tausayi ne ya kawo wannan ruhusa a zamanin da babu allurar kashe zafi. Amma fa ƙofar dai ake buɗewa, abin buɗewar ne kaɗai aka sauya. Daga wannan babi ne zaren magani ya fito, wanda malaman Jami'ar Hindu ta Banaras suka farfaɗo da shi a shekarun 1960: zare ne ake shafa wa nonon wani itace dangin tinya da aguwa, a bi shi da tokar haƙorin maciji da garin kurkur, a zura shi cikin ramin yoyon da kan huda gefen dubura, a riƙa sauya shi mako-mako yana ci yana warkarwa. Majalisar binciken likitanci ta Indiya ta gwada shi da tiyata a asibitoci da dama, ta buga sakamakon a 1991, aka ga ya fi jinkirin warkewa amma cutar ba ta cika dawowa bayansa ba. Waɗansu sun ɗauko zaren nan zuwa kumburin Bartolin, suna rubuta wa a allonsu cewa babu tiyata. Wadda za ta yarda da shi ta sani huda ce da ƙuna a wuri mafi laushi na jikinta, kuma tana bukatar gwanin hannu da tsarkakakkun kayan aiki daidai da yadda wuƙa ke bukata.

Labarin zaren nan ya nuna cewa Ayurbeda yana iya tsayawa gaban jarrabawa idan an kai shi. Ƙwayoyin sha da wanke-wanken kumburin Bartolin kuwa, galibin abin da aka buga a kansu cikin mujallun Ayurbeda labarin mace ɗaya ne: ta zo da kumburi, aka ba ta kaza da kaza, bayan mako biyu ko uku ya sace, aka bi ta na ɗan lokaci, aka rufe littafi. Ba na tuhumar marubutan da ƙarya. Amma malamanmu na usulu sun koya mana cewa gaskiyar mai ba da labari dabam, ƙarfin hujja dabam; labarin mutum ɗaya a kan cutar da ɗabi'arta ce ta tafi don kanta ba ya tabbatar da kome, gama ko ba a ba ta maganin ba mai yiwuwa da ya fashe a kwana na huɗu. Wadda nata ya dawo bayan wata takwas kuwa ta riga ta tafi wani wuri, labarinta bai shiga mujalla ba. Cutar da aka sani da dawowa ba a yi mata shaidar warkewa da wata biyu, sai an tara mata da yawa, an raba su gida biyu da ƙuri'a, an bi su shekara guda ko fiye.

An kuwa yi wa hanyoyin asibiti haka, kuma ya kamata mace ta san cewa abin da ake kira tiyata a nan, a mafi yawan lokuta, bai kai girman sunansa ba. Hanya ta farko wani likitan Amurka mai suna Buford Word ne ya fito da ita a shekarun 1960: a yi allurar kashe zafi a wurin, a yi 'yar tsaga ta rabin santimita ta cikin leɓen farji, a bar ruwan ya fita, a zura wata 'yar roba mai ƙaramin balan-balan a kanta, a hura shi da ɗan ruwa don kada ta zame, a bar ta nan kimanin mako 4, domin nama ya warke kewaye da ita ya bar sabuwar ƙofa. Mace takan koma gida da ƙafarta a ranar. Hanya ta biyu ita ce a tsaga jakar a ɗinke bakinta da fatar waje yadda za ta zauna a buɗe. A ƙasar Holan an gwada biyun a kan mata fiye da 160, aka buga sakamakon a 2017: cikin shekara guda kimanin mace 1 cikin 10 ce nata ya dawo a kowane ɓangare. Ba a ce an kai kamala ba, amma adadi ne da aka ƙirga, har da waɗanda abin bai yi wa ba. Cire matsattsafar ɗungurungum, wanda shi ne aikin da ya cancanci a ji tsoronsa saboda yawan jinin wurin, ba a zuwa gare shi sai sauran sun gaza ko ana zargin daji. A Indiya kanta, cikin 2020, majalisar da ke kula da ɗibbun gargajiya a lokacin ta halatta wa ƙwararrun Ayurbeda na sassan fiɗa ayyukan tiyata 58, har ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi yajin aiki a kai. Ko wane gefe mutum ya bi a wannan jayayya, ta isa shaida cewa manyan makarantun Ayurbeda ba su haramta wuƙa ba.

Mutane sukan ce maganin itace in bai yi amfani ba, ba ya illa, kuma wannan magana ta cuci bayin Allah da yawa. Wani reshe na ɗibbun Hindu yana sarrafa ƙarafa da gangan, zaiba da dalma da makamantansu, bisa imanin cewa ƙonawa da wankewa suna kashe gubarsu. Wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda iri 70 daga kantunan garin, suka buga a 2004 cewa 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsanik. A 2008 suka maimaita da iri 193 da aka saya ta intanet, suka sami kusan kashi 21 cikin 100. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba mu bukatar dogon wa'azi a kanta, musamman da yake masu wannan ciwo mata ne masu shekarun haihuwa, wata ma tana da ciki ba ta sani ba. Matsi kuma yana da tasa illar, domin farji yana da ƙwayoyin halitta masu tsaronsa, yawan wanke ciki da cusa gari yana korarsu, kuma likitocin mata a Nijeriya sun sha ganin wadda matsi mai kaifi ya ƙone har wurin ya haɗe. Wadda ta fi duka girma ita ce illar jinkiri: mai ciwon sukari ko mai ciki, mugunya takan yaɗu a jikinta da sauri, wadda ta haura shekara 40 kuwa, likitoci sukan ɗebi ɗan naman ƙullutun su auna, domin ko da yake daji a wannan wuri nadiri ne, da irin wannan kama yakan fara. Kada kuma jin cewa magabata sun ce a tsaga ya sa a kira wanzami ko a ɗauki reza a ɗaki. Mun ga yawan matan da yankan gishiri ya bari da yoyon fitsari.

Na san cewa ba rashin hujja ne ke riƙe mace a ɗaki ba. Kunya ce, da tsoron abin da miji zai zata, da ƙyamar kwanciya gaban namiji baƙo, wani lokaci da rashin kuɗin mota. Kunya ado ce, ba na kira a yar da ita; amma fuƙaha'u sun tabbatar da cewa buɗe al'aura gwargwadon larura domin magani halal ne, a fara neman mace likita ko ungozomar asibiti, in ba a samu ba sai namiji amintacce, tare da muharrami ko wata mace a wurin. Rabin wannan nauyi kuwa yana wuyan maza. Maigidan da ya ga iyalinsa tana zama a karkace, tana cije leɓe in za ta tashi, kada ya fara da zato, kada kuma ya wadatu da sayo mata kwalba daga kanti. Ya ce mata, "Sannu, shirya mu je a duba ki," ya kai ta da kansa.

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, idan kin ji ƙullutun ya taso, ki zauna cikin ruwan ɗumi mai tsafta sau uku ko huɗu a yini, kada ki matse shi, kada ki cusa kome. Idan kwana uku suka wuce bai yi sauƙi ba, ko zazzaɓi ya shigo, ko zama ya gagara, ko kina da ciki, ko ciwon sukari, ko kin haura shekara 40, ko kuwa wannan ne karo na biyu da ya dawo, to ki tafi asibiti, ki roƙi a yi miki aikin da zai bar ƙofar a buɗe. In kuma kina shan wani maganin Indiya, ki tafi da kwalbar ki nuna wa likita.